Motar da Muka Rage wa Nauyi da Baki

Har ranar da muke wannan rubutu, ba mu taɓa ganin Mustang ido da ido ba. Gara mu faɗa muku tun da wuri, ƙannenmu, don kada ku ɗauka masana ne ke magana. Mu huɗu ne, 'yan wani ƙauye da ke kusa da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona, ba a barin ko taku goma na ƙasa ya huta, kuma motar da ta fi kowace daraja a garin ita ce tsohuwar Golf ɗin Kawu mai jigilar mutane zuwa birni. Amma akwai shekarar da muka rage wa Mustang nauyin kilo 180 a gaban ɗaukacin makarantarmu, da fatar baki kawai, ba mu kwance ko kusa guda a jikinta ba.

Abin ya faro ne wata Lahadi a kasuwar Ɗambatta, cikin Oktoba na 2014, muna zangon farko na aji huɗu. Mun rako iyayenmu da wake da 'yan awaki, an sallame mu da ɗan abin taɓa baki, muka nufi wurin mai tsire. Muna tsaye sai muka ga yana yagar wata takarda mai sheƙi zai naɗe nama, yana mita wai an cuce shi, wannan irin takarda ba ta shan mai. Mujallar motoci ce ta Amurka, ba bango, ba shafukan farko, ta zo masa cikin tsofaffin takardun da yake saya a kan kilo daga Kano. Ɗayanmu, wanda tun muna firamare ba ya rabo da fensir, ya riƙe masa hannu. Aka yi ciniki: mu kawo masa tsofaffin littattafan rubutunmu mako mai zuwa, shi kuma ya ba mu abin da ya saura. Ya ba mu a kan amana. Mun cika alkawari, har da ɗoriyar littafin lissafi da ba a gama da shi ba, wanda ya jawo wa mai shi bulala daga baya.

A tsakiyar mujallar, ta cinye shafi biyu, ga wata jar mota. Ta durƙusa kamar kyanwar da ta hango ɓera, tayoyinta sun cika gurbinsu maƙil, rufinta ya zubo ta baya sumul, ga doki a guje a hancinta. Ƙasan da take kai ma yana ɗaukar ido kamar an yi yayyafi. Muka zauna a gindin gawon da ke gonar su mai zane, muna miƙa wa juna, kowa na goge hannu a riga kafin ya taɓa. A saman shafin an rubuta cewa wannan ce sabuwar Ford Mustang mai zuwa.

Ba baƙuwa ba ce gare mu gaba ɗaya. A gidan kallon garinmu, ranar da janareta ya ga dama, mun sha ganin danginta: baƙar Dodge Charger ta 1970 da Vin Diesel ke tuƙawa a Fast and Furious, da Camaro ruwan ɗorawa da ke rikiɗa ta zama mutum-mutumi a Transformers. Amurkawa na da suna na musamman ga irin waɗannan motoci, wanda in aka mayar da shi Hausa sai a ce motoci masu ƙwanji. Dabarar ba ta da wuya: a ɗauko mota mai ƙofa biyu wadda matashi zai iya saye, a cusa mata ƙaton inji mai silinda takwas, jeri biyu kamar harafin V, ya riƙa juya tayoyin baya. Yawanci ana cewa Pontiac GTO ta 1964 ce ta buɗe wannan fage. Ita Mustang an fito da ita ranar 17 ga Afrilu, 1964, a birnin New York, aka sayar da fiye da 400,000 cikin shekara guda. Masu tsananin bin ƙa'ida za su ce ajinta daban ne, ta fi waɗancan ƙanƙanta, amma mu a gidan kallo duk motar da ta yi gurnani ta tayar da hayaƙin taya 'yar gida ɗaya ce. Kasuwar waɗannan motoci ta karye bayan 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, fetur ya yi tsada, ga kuma dokokin rage hayaƙi. Da suka farfaɗo daga baya, sai suka dawo da ƙiba. Mustang ta farko ba ta kai kilo 1,300 ba, ta 2014 mai silinda takwas kuwa ta haura 1,600.

Duk wannan daga baya muka san shi. A gindin gawo dai ƙamus muka buɗe muna bin rubutun kalma bayan kalma, har muka iso inda ya tsaya mana a rai: sabuwar motar za ta fi tsohuwar gajarta, kuma za ta zubar da nauyi har 400. Matsalar ita ce 400 ɗin mene ne. Kalmar Turancin da ke biye da lambar mun san ta a matsayin kuɗin Ingila, fam. Muka yi ta gardama har magariba. Wanda ya raba mu shi ne kakan ɗayanmu, tsohon da bai taɓa shiga ajin boko ba. Yana alwala ya ji muna musu, ya ce, "Kai, ja'irai, ba fam ba ne, laba ce. Da ita aka auni gyaɗarmu zamanin da ake dala a Kano. Ku da bokonku ba ku san laba ba?" Muka duba bayan littafin lissafi, ga shi kuwa: laba ɗaya ta ɗan gaza rabin kilo. Laba 400 kenan ta kama wajen kilo 180. Buhun takin zamani uku da rabi, da 'yar ɗoriya.

Wanda ya tashi a birni zai iya karanta wannan lamba ya wuce. Mu ba za mu iya ba, domin nauyi shi ne abin da muka fara sani a duniya. Da rani mu ke bin amalanke ana kai takin gida gona, mun san yadda shanu ke tafiya in an cika ta, da yadda suke sassarfa in an juye. Mun san jakin da aka yi wa mangala biyu ba ya jin sanda. Mun sha ganin Golf ɗin Kawu ranar kasuwa, mutum biyu a gaba ban da shi, huɗu a baya, buhuna a but an ɗaure murfin da igiya, gindinta na shafar ƙasa, shi kuma yana lissafin man da za ta sha kafin ta kai Dawanau. Sannan mu maƙera motoci ne da kanmu. Da kaka, in an yanke dawa, mukan feƙe ɓawon kara mu soka shi cikin totuwa, mu yanko tayoyi daga tsinkakken silifa, mu yi tsere a kan hanyar rafi. Tun muna 'yan shekara bakwai muka gane cewa motar da aka yi wa kwalliya da yumɓu ta fi kyau a tsaye, amma ta kara zalla ce ke cin tsere. Saboda haka da muka karanta cewa Turawa za su cire buhu uku da rabi daga jikin mota mai ƙarfin dawakai sama da 400, sai muka ji kamar a ƙarshe sun gano abin da muka daɗe da sani. Labarin ya yi mana daɗi tun kafin mu tambayi ko gaskiya ne. To, nan ne ramin.

Biyu daga cikinmu suna kulob ɗin 'yan jarida na makaranta, masu karanta labarai a asambuli duk Litinin, da Turanci sannan da Hausa. Kullum labaran ba sa wuce na rediyo da kowa ya riga ya ji, da sanarwar shara. Muka ce wannan karon za mu zo da abin da ko shugaban makaranta bai sani ba. Daren Asabar muka zauna da fitilar ƙwai muna taƙaitawa, domin minti biyu kacal ake ba kowane labari. Rubutun mujallar cike yake da wasu 'yan kalmomi masu cin wuri: "wata majiya ta ce", "ana sa ran", "mai yiwuwa". Muka ga suna rage wa labarin armashi, kuma suna cin lokaci. Muka tsince su ɗaya bayan ɗaya kamar ana tsintar tsakuwa a wake. Abin da ya rage ya fito tas: "Kamfanin Ford na Amurka ya ƙera sabuwar Mustang wadda ta fi tsohuwar rashin nauyi da kilo 180. Ga hotonta."

Ranar Litinin aka karanta, mai zane ya ɗaga shafin sama yana juyawa dama da hagu. Aka yi tafi irin wanda ba a taɓa yi wa kulob ɗin ba. Kafin tara ta yi labarin ya yi 'ya'ya. 'Yan aji ɗaya suna cewa kilo 400 ne. Wani ya rantse an rage mata kuɗi ne da fam 400. Kafin a tashi, wani yaro ya tare mu yana ba mu labarin wata mota da mutum huɗu ke iya ɗagawa, bai san mu ne tushen zancen ba. Mu kuwa muna ta yi masa dariya, wai ya ɓata labari.

Ranar Laraba malamin Fiziks, wani ɗan bautar ƙasa mai sanyin magana, ya aiko a kira mu ofishin malamai, mu zo da mujallar.

"Sannunku, manyan 'yan jarida," in ji shi. "Labarinku ya burge ni. Tambaya ɗaya gare ni. Wa ya auna motar?"

Muka dubi juna. "Malam, ai a rubuce yake."

"Na ga a rubuce yake. Wa ya ɗora ta a sikeli?"

Shiru. Ya jawo shafin, ya ɗora yatsa a can ƙasa, kusa da lambar shafi, inda rubutu ya yi ƙanƙanta kamar ƙwayar ridi. "Karanta min nan." Wata ne da shekara: 2013. Mujallar ta shekara a duniya kafin ta iso hannun mai tsire. Ya sake juya shafin a kaikaice, ya nuna wani layi siriri da ke hawa ta gefen hoton. Kalma ce ta Turanci da sunan wani mutum. Ma'anarta: wane ne ya zana.

"Malam, zane kuma? Ga inuwa, ga ƙyalli, har da lambar taya!"

"Zane ne. Ranar da aka buga wannan shafi, babu wani ɗan jarida da aka bari ya ɗauki hoton motar nan a buɗe."

Ya zaunar da mu a benci ya yi mana bayani, kuma wannan bayani ya fi yawancin abin da muka koya a zangon nan zama a kanmu. Kamfani kan shafe shekaru yana aikin sabuwar mota a ɓoye. In zai gwada ta a kan titi, sai ya lulluɓe ta da baƙin ƙyalle da tsumma, ko ya manna mata zane-zanen fari da baƙi masu rikita ido. Akwai masu ɗaukar hoto da sana'arsu kenan, su laɓe a bakin hanya su ɗauko waɗannan motocin gwaji su sayar wa mujallu. Mujalla kuma ta ba mai zanenta, ya haɗa da abin da aka tsegunta mata, da kamannin wata motar nuni da kamfanin ya taɓa fitarwa. A kan Mustang, masu zane da yawa sun jingina da wata mai suna Evos, wadda Ford ya nuna a Frankfurt ta Jamus a 2011. Sai mai zane ya zauna gaban kwamfuta ya fitar da abin da yake zato, ya ƙara wa tayoyi girma, ya danne rufi, domin abin da ke sa a sayi mujalla kenan. Wani lokaci ya dace ƙwarai, wani lokaci ya yi nisa. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne.

Sannan ya buɗe jakarsa ya fito da wasu takardu da ya bugo a Kano. Ashe tun ranar 5 ga Disamba, 2013 Ford ya yaye wa motar mayafi, a birane shida rana guda: Dearborn, New York, Los Angeles, Barcelona, Shanghai da Sydney. Wato lokacin da muke shelar "mai zuwa", ta yi wata goma da zuwa, har an fara sayar da ita. Mu faɗi gaskiya, zanen bai yi nisa da ita ba, duk wanda ya gan su zai ce 'yan uwa ne. Lambobin ne suka kwance mana zani a kasuwa. Tsawonta da na tsohuwar kusan ɗaya, bambancin bai kai faɗin yatsa ba. Nauyi kuwa, samfurin GT mai silinda takwas da giyar hannu na 2014 yana da wajen kilo 1,640, sabon na 2015 kuma wajen 1,680. Ba ragi aka yi ba, ƙari aka samu na kusan kilo 40. Kuma shi kamfanin bai taɓa fitowa ya yi alkawarin laba 400 ba. Zancen majiya ne, ya bi mujallu, ya bi buhun tsofaffin takardu, ya zo gindin gawo, mu kuma muka cire masa "mai yiwuwa" muka sa a bakin kamfani.

Muka tambaya, to ina ƙarin ya fito? A nan Malam ya ɗauki alli. Tsohuwar Mustang, in ji shi, tayoyinta na baya a kan ƙarfe guda suke, dogo, kamar na amalanke: in ta dama ta faɗa rami, ta hagu ma sai ta ji. A sabuwar an raba su, kowace taya na hawa da sauka ita kaɗai, abin da ke sa mota ta kama ƙasa a kwana. Amma wannan tsari na buƙatar ƙarin hannuwan ƙarfe da wurin ɗaure su, duk nauyi ne. An ƙara girman birki. An ninka yawan jakunkunan iska da ke kumbura su tare mutum in an yi karo. An ƙara mata faɗi. Injiniyoyin sun yi ƙoƙarin ragewa ta wani gefen, sun yi murfin inji da kafaɗun gaba da alminiyam, irin ƙarfen nan mara nauyi da ake narkawa a zuba tukwane. Abin da suka cire ta nan, ya dawo ta can har da riba. Kuma jita-jitar ba a iska ta tsiro ba: a wannan lokacin kamfanin ya fito da a-kori-kurarsa F-150 da gangar jikin alminiyam, wadda ya ce ta zubar da nauyi har laba 700. Wanda ya ji wannan, ba zai yi wuyar yarda da waccan ba.

Da yake malamin Fiziks ne, bai bar mu mun tafi haka ba. Ya rubuta dokar Newton ta biyu a allo, ya ce saurin da abu ke ƙara gudu ya dogara ne ga ƙarfin da ke tura shi a raba da nauyinsa. Tsohuwar GT dawakai 420 gare ta, sabuwar 435. "Ku raba min kilo da dawakai." Muka duƙufa. Ta farko, kowane doki na jan kilo 3.9. Ta biyu ma, in an taƙaita, 3.9 ɗin ne, da ɗan sauƙi kaɗan. Ya ce mu gwada da lambarmu ta asambuli. Ya fito wajen 3.4. "Kun gani," in ji shi, "motarku ta fi tasu gudu. Saura ku ƙera ta." Ranar ce muka fara ganin lissafin rabawa ya yi wani aiki a duniya ban da cin jarrabawa.

Hukuncin da ya yanke mana ya fi bulala ciwo. Litinin mai zuwa, mu huɗun, mu tsaya a inda muka tsaya, mu karanta gyara. Mun roƙe shi. Mun ce ai ba wanda zai taɓa sani, mota ce a wata duniya, ba mai saye a duk faɗin ƙaramar hukumar. Ya ce shi ya sani, mu ma yanzu mun sani. Muka karanta, murya na rawa, aka yi mana ihu. Har muka gama makarantar ana kiranmu 'Yan Laba. In ɗayanmu ya kawo wani labari, ko na rasuwa ne, sai wani ya ce, "An auna?" Wannan ya fi komai yi mana zafi, domin kulob ɗin ya ɗauki zango guda kafin a sake sauraronsa da kunne biyu, kuma akwai yaran da ba su ji ba ba su gani ba da abin ya shafa.

Da labarin ya kai gida, lokacin ana ɗaurin gero, mahaifin ɗayanmu bai ko ɗago daga damin da yake ɗaurewa ba. Ya ce shi bai ga abin mamaki ba. Duk shekara, in gero ya fitar da kai, sai masu wucewa su tsaya a bakin gona su ce wannan za ta yi dami hamsin. Shi ma yakan ji daɗi, har ya fara raba kuɗin a zuciyarsa. Amma bai taɓa cin bashi a kan dami hamsin ɗin nan ba, sai an yanka, an ɗaure, an sussuka, an auna da kwano. "Ku kuma kun je kun yi cinikin biri a sama, a gaban mutane." Ya ce mu miƙo masa igiya.

Mu uku kunya muka kwaso daga ofishin malamai. Na huɗunmu wani abu daban ya kwaso. Tun da aka nuna masa layin nan siriri na gefen shafi bai sake cewa uffan ba, sai da muka kai rabin hanyar gida, tsakanin karan dawa, ya tsaya cak. "Wato mutum ne ya zauna ya zana ta? Kuma aka biya shi?" A gidansu zane wasan banza ne, ɓarnar takarda da fensir, an sha ƙona masa littattafai a kai. Washegari ya koma wurin Malam shi kaɗai. Malam ya gaya masa cewa a cikin kamfanonin ma da zane ake farawa, ɗaruruwan zane, sannan a sassaƙa motar da yumɓu, girmanta sosai, a yi ta kankara ana shafawa kafin a taɓa ƙarfe. Yumɓu! Abin da ake dukanmu a kai in mun ɓata riga da shi a bakin kududdufi. Ya kuma ba shi labarin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, ya tafi Detroit ya koyi zanen motoci, ya kama aiki da General Motors a 1994, kuma zanensa ne aka zaɓa na motar nuni ta Chevrolet Volt mai lantarki da aka fitar a 2007. A 2017, shekarar da muka gama sakandare, Shugaba Buhari ya naɗa shi shugaban hukumar tsarawa da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa. Abokinmu ne ya fara jin sanarwar a rediyo, ya zo da gudu har gona yana gaya mana, sannan ya tsaya ya ƙara da cewa, "Tashoshi biyu na ji, ba ɗaya ba."

Kada ku ce daga nan mun zama masu ƙaryata komai, ko da yake mun so mu zama. Shekara ta zagayo, a 2015, sai ga irin wannan zance a kan Camaro, kishiyar Mustang: wai sabuwar za ta zubar da nauyi. Muka yi tsaki, muka ce mun san wannan tatsuniya. Sai ga shi an fito da ita a Detroit cikin Mayu na shekarar, kuma ta zubar ɗin. Samfurin SS mai silinda takwas ya ragu da wajen kilo 100, domin an sauya mata ƙashin jiki gaba ɗaya, aka ɗora ta a kan na wata ƙaramar Cadillac, aka ɗan rage mata tsawo da faɗi. Da an sa mu yi shela a lokacin, da mun sake tafka kuskure, wannan karon ta ɗaya ɓangaren. Malam ya riga ya gama bautar ƙasarsa ya tafi, ba mu samu gaya masa ba.

Yanzu biyu daga cikinmu suna jami'a a Kano, ɗaya yana gida ya karɓi gonar mahaifinsa. Mai zane bai samu ci gaba da karatu ba. Shekarar da muka gama, damina ta yi gardama a wajenmu, ga ƙanne bakwai a bayansa. Yana birni, wajen Ƙofar Ruwa, yana koyon gyaran jikin mota da fenti, kuma shi ake nema in mai babbar mota na son a zana masa zaki ko dawisu a bayanta. Bai kai Detroit ba, ba mu kuma san ko zai kai ba. Jar motar tana nan a ƙasan akwatinsa, har yau da tabon man tsire a kusurwa.

Da hutun Babbar Sallah da ya wuce muka haɗu duka a gindin gawon. Ya zaro wata takarda a naɗe. Golf ɗin Kawu ce, amma ya sake mata halitta: ya ɗaga ta sama don ramukan hanyarmu, ya tsawaita bayanta, ya yi mata wurin ɗaure awaki a rufi, ya shafa mata kore mai sheƙi har da inuwa a ƙasa. A gefen takardar, a kaikaice, da ƙananan baƙaƙe, ya rubuta "zane ne", da sunansa, da kwanan wata. Muka ɗunguma muka kai wa Kawu, muka same shi a ƙarƙashin ta gaskiyar yana ɗaure salansa da waya. Ya fito, ya goge hannu a wando, ya daɗe yana kallo.

"Kai, ɗan nan, ta yi kyau," in ji shi. "Buhu nawa za ta ɗauka?"

"Ban sani ba, Kawu. Ba a auna ba tukuna."